Kuɗin sake gina Arewa maso Gabas: wa ke sa ido a kai?

'Yan uwa mazauna Sabon Ibadan, Agege da Fatakwal, daga unguwar Malam Inna a Gombe nake rubuto muku. Kun sha tambaya ina kuɗin gyaran yankinmu ke shiga bayan ɓarnar Boko Haram. Ga bayani a taƙaice.

Da farko fadar shugaban ƙasa ta kafa shirin PINE. A Disambar 2016 kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya bankaɗo kwangilar yankan ciyawa a Yobe, alhali 'yan gudun hijira na kwana da yunwa. Buhari ya sauke sakataren gwamnati Babachir Lawal a Oktobar 2017. EFCC ta gurfanar da shi a 2019 kan naira miliyan 544, amma kotu ta sallame shi a Nuwambar 2022.

Yanzu aikin yana hannun hukumar NEDC, wadda aka kafa a 2017. Hedkwatarta na Maiduguri, tana kula da jihohi shida har da Gombe.

Duk inda aka yi yaƙi, takardu sun ƙone, ma'aikata sun tarwatse, ana ba da kwangila a gaggauce. Nan ɓarawo ke samun ƙofa.

To, mene ne namu? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya tambayi kuɗin aiki da sunan ɗan kwangila, ta amsa cikin kwana 7. In kun zo gida sallah, ku leƙa makarantar ko asibitin da aka ce an gyara. In babu komai a ƙasa, EFCC na da ofishi a Gombe.