BAYANI: Yadda mai koyon iyo zai riƙe abin da ya koya daga damina zuwa damina

A Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar yadda yake a Aliero da tudun Jega, yaro yana koyon iyo ne idan ruwa ya zo masa. Daga Yuni zuwa Satumba tafkuna suna cika, ƙoramu suna gudu, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari suna zama kududdufai. Daga Nuwamba ruwan ya fara janyewa, kafin bazara yawancin wuraren sun zama busasshen laka. Wanda gidansu ke bakin Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta Jega, yana da inda zai jiƙa jiki. Wanda ke tudu kuwa sai ya yi wata bakwai ko takwas bai shiga ruwan da ya kai masa ƙirji ba, sannan ya koma a damina ta gaba da tunanin cewa ya iya.

Wannan tazarar ba Kebbi kaɗai ta shafa ba. Masu koyon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, waɗanda ke zaune a ƙasashen da ƙanƙara ba ta sauka, suna fama da irinta: mako guda a kan dutse, sai kuma wata shekara. Bambancin shi ne, su abin da za su yi asara kuɗin tafiya ne da ɗan jin kunya. A nan abin da ke kan faifai rai ne.

Me jiki ke mantawa?

Masu nazarin yadda ɗan Adam ke koyon motsi sun daɗe da rarrabe gwaninta gida biyu. Akwai wadda ake maimaita motsi ɗaya ba yankewa, kamar tuƙa keke, gudu da iyo. Akwai kuma wadda ta ƙunshi matakai daban-daban da dole a tuna jerinsu, kamar harhaɗa inji ko taimakon gaggawa ga wanda numfashinsa ya tsaya. Ta farko tana daɗewa a jiki, ta biyu tana saurin zubewa. A 1998, Winfred Arthur da abokan aikinsa a Amurka sun tattara sakamakon bincike masu yawa kan wannan batu, suka nuna cewa asarar tana ƙaruwa gwargwadon tsawon lokacin da aka yi ba a taɓa aikin ba, tana yin tsanani idan an haura shekara, kuma aikin gaɓoɓi ya fi aikin tunani jure wa mantuwa. Sun kuma nuna cewa zurfin koyon farko yana cikin abubuwan da ke yanke yawan abin da zai saura.

A nan ne matsalar mai koyo take. Ɗan Sarkawa da ya tashi cikin kwalekwale zai iya yin shekaru a Legas yana gadi, ya dawo ya faɗa gulbi kamar jiya ya fita. Yaron da damina ɗaya kawai ya yi yana fantsama a tafki bai kai matakin da motsin ya zauna masa ba. Hannu zai tuna yadda ake jan ruwa, ƙafa za ta tuna bugu, amma haɗa su da numfashi a kan lokaci, wanda shi ne ainihin iyo, yana cikin abin da ke fara kwancewa.

Ƙarfin numfashi kuma yana tafiya da sauri fiye da yadda ake zato. A wani bincike da Edward Coyle ya jagoranta a 1984, an sa 'yan wasan da suka daɗe suna atisaye suka daina gaba ɗaya. Cikin kwana 21, yawan iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa ya ragu da kashi 7 cikin ɗari, bayan kwana 56 raguwar ta kai kashi 16. Matashin da ke noman rani ko ɗaukar buhunan albasa a Aliero ba zai yi irin wannan faɗuwar ba, domin jikinsa bai zauna ba. Amma ɗalibi, tela, ko mai jiran shagon cajin waya, wanda damina ce kaɗai lokacin motsinsa, yana iya komawa ruwa da rabin juriyar da yake tunawa da ita.

Abu ɗaya ne ba ya raguwa ko kaɗan: yarda da kai. Yaro yana tuna cewa bara ya haye tafkin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba ya tuna cewa a ƙarshen Satumba ya yi hakan, bayan wata uku yana shiga kullum. A ganina wannan giɓin, tsakanin abin da zuciya ke tunawa da abin da huhu zai iya, ya fi rashin iya iyo gaba ɗaya haɗari, domin wanda bai iya ba yana tsoron ruwa, tsoron kuwa yana tsare shi a gaɓa.

Darasi daga waɗanda ba su da ƙanƙara

Nijeriya ta fara halartar gasar Olamfik ta hunturu a 2018, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu. Seun Adigun, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun shiga tseren keken ƙanƙara, su ne tawagar farko daga Afirka a wannan wasa. A Houston ta jihar Texas suke zaune, gari mai zafi, don haka Adigun ta haɗa keken katako suka riƙa tura shi a filin motsa jiki. Abin lura shi ne ɓangaren da suka zaɓa: tura keke da tsalle a faɗa cikinsa, wato abin da za a iya kwaikwaya a busasshiyar ƙasa. Sarrafa keken a kan lanƙwasar ƙanƙara kuwa sai da suka je inda ƙanƙarar take. A 2022 Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya wakilci Nijeriya a tseren zamiya mai nisa a Beijin. 'Yan wasa irinsa suna kwashe watannin zafi a kan wasu sanduna masu tayoyi, suna gudu a kwalta da motsin da za su yi a kan ƙanƙara.

Hanyar ɗaya ce: a rarraba gwanintar, a ɗauki abin da ƙasa za ta iya bayarwa a yi ta maimaitawa, a kuma amince cewa akwai saura da sai a ainihin wurin.

Abin da za a iya yi a tudu

Mafi amfani shi ne mafi sauƙi, wato riƙe juriya. Gudu, tafiya mai sauri, keke ko ƙwallo, sau uku a mako na kimanin rabin awa, ya isa ya hana faɗuwar da aka ambata. Sai ƙarfin kafaɗa, baya da ciki, waɗanda su ke ɗaukar nauyin iyo. Tsohon tiyub ɗin babur da aka yanka aka ɗaura a jikin bishiya yana yin aikin robar da ƙwararru ke saye da tsada: mutum ya sunkuya, ya ja da hannu daga gaba zuwa cinya kamar yana jan ruwa. Bugun ƙafa kuma ana yinsa a kwance rub da ciki a kan benci, ƙafafu a miƙe, motsin yana fitowa daga ƙugu.

Numfashi ya cancanci a tsaya a kansa. Babban kuskuren mai koyo shi ne riƙe iska a ƙirji yayin da fuskarsa ke cikin ruwa, sai ya ɗago yana neman fitarwa da shaƙa a lokaci guda, ya kwankwaɗi ruwa, ya firgita. Gyaran wannan ba ya buƙatar gulbi. Babbar roba ko daro cike da ruwa mai tsabta ya wadatar: a tsoma fuska, a fitar da iska a hankali ta hanci da baki har kumfa ya ƙare, a juya kai gefe a shaƙa, a sake. Minti biyar kafin wanka, sau biyu ko uku a mako. Ƙaramin yaro kada ya yi sai da babba a kusa, domin ruwan bokiti ma yana kashe ɗan ƙarami.

Akwai wani abu da samari ke yi da sunan atisaye wanda ya kamata a daina, wato gasar daɗewa a nutse, musamman bayan an yi ta jan numfashi da sauri. Jan numfashin yana rage iskar da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin shaƙa ya yi, sai oksijin ya ƙare mutum bai ji komai ba, ya suma a ƙarƙashin ruwa. Hakan yana faruwa da gwanaye, kuma a ruwan da bai kai wuya ba.

Kwanciya rigingine a saman ruwa, tsayuwa a wuri mai zurfi ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, da sanin yadda igiyar ruwa ke ja, waɗannan ba su da madadi a tudu. Wanda ke da hali ya yanka tazarar: zuwa sau biyu ko uku a cikin rani wurin da ruwa ba ya ƙafewa, tare da wanda ya san wurin, ya fi jiran damina nesa ba kusa ba. Sai dai a zaɓi ruwan. Ragowar kududdufin rani, inda dodon koɗi ke taruwa, matattarar tsargiya ce, kuma fitsarin jinin da wasu ke ɗauka alamar balaga ce cuta ce da ke lalata mafitsara idan ba a sha magani ba.

Ranar komawa ruwa kuwa, a ɗauka cewa an koma baya. A fara inda ruwa ya tsaya a ƙugu, a yi iyo a layi ɗaya da gaɓa maimakon nufar tsakiya, a bar haye tafki sai bayan kwanaki. Ƙasan ramin ma ba na bara ba ne, domin masu haƙar ƙasa sun yi rani suna ƙara masa zurfi.

Inda batun ya wuce na mutum ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yankin Afirka ne ke da kaso mafi yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Kebbi ba ta buƙatar a tuna mata. A ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kimanin 20 kawai aka ceto da rai. A Janairun 2023 wani jirgin ɗauke da manoman shinkafa ya kife a Koko/Besse, maƙwabciyar Maiyama. A Mayun wannan shekarar, yara 15, mafi yawansu 'yan mata, da suka fita neman itace suka rasu a Dandeji ta ƙaramar hukumar Shagari a Sakkwato. 'Yan mata su ne aka fi bari a baya, domin al'ada tana raba su da tafki tun kafin su koyi komai, amma ba ta raba su da hawa kwalekwale ba.

Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, amma a tsakiyar Kwara, cikin tarin mutanen da kowa ke neman abin kamawa, iyon da aka koya a tafki ba ya fidda kowa. A can rigar kariya ce magana, da hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, waɗanda aikin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ne, wato NIWA, tare da gwamnatin jiha.

Koyarwar kuwa ba sai an gina wurin wanka na zamani ba. A Bangladesh, shirin SwimSafe yana kafa dandamali da shinge na sandunan gora a cikin tafkunan ƙauye, matasan garin da aka horar suna koyar da yara, kuma ma'aunin kammalawa a fili yake: iyo na mita 25 da tsayuwa a ruwa na daƙiƙa 30. Kebbi tana da malaman a hannu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, yana da kabanci, inda ake tseren kwalekwale, nutso da kamun agwagwar ruwa, kuma Yawuri tana da Rigata. Waɗannan gwanayen ana tara su ne domin kallo na kwana uku ko huɗu. Bikin Argungu ma ya tsaya na kusan shekara goma kafin ya dawo a Maris ɗin 2020. Ɗaukar kaɗan daga cikinsu su koyar da 'yan firamare a tafki ɗaya da aka killace a kowace gunduma, maza a lokacinsu, mata a nasu tare da mata masu koyarwa, abu ne da kasafin ƙaramar hukuma zai iya ɗauka, kuma tambaya ce da za a iya yi wa duk mai neman kujerar kansila ko ciyaman a Maiyama, Jega da Aliero.