An Ɗaga, An Sauke: Wa Ya Tambayi Mutanen Ƙaraye Da Rogo?

Yau na ɗan ajiye labarin da muke ciki, ku yi mini afuwa, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, yakan ba mu labarin zamanin En'e, lokacin da alƙali da ɗan doka da gidan yari duk suna hannun Sarki, hakimi kuma shi ne wuƙa shi ne nama a gundumarsa. Wannan iko bai tafi rana ɗaya ba. Bayan an kafa Jihar Kano a 1967, gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. A 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi, En'e ta zama tarihi. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 sai ya soke haraji da jangali, wanda karɓarsu ce babban aikin dagaci da mai unguwa. Talaka ya yi murna, amma a lura, duk daga sama aka yanke.

A 1981 Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna irin su Rano da Gaya da Dutse, Sabo Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya mayar da hannun agogo baya. Shekara 36 bayan nan, a watan Mayun 2019, Gwamna Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka ba Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu sandar yanka, har su Gwarzo da Kabo suka koma ƙarƙashinsa. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar rushe su. A watan Yuli aka dawo da Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu kacal, Ƙaraye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Mahraz.

Cikin shekara biyar ke nan manomin Rogo ya kwana a ƙarƙashin tsari iri uku, alhali shi ne zai ɗauki rigimar gona ko ta makiyaya zuwa wajen dagaci da hakimi, ya kuma so ya san fadar da maganarsa za ta tuƙe. Wa ya tambaye shi?

Wani zai ce ai ba al'adarmu ba ce. To a watan Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru da ƙuri'a suka zaɓi shiga Nijeriya, aka kira yankinsu Lardin Sardauna. A 1963 da ƙuri'ar raba-gardama aka fitar da Jihar Yamma ta Tsakiya. Sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ma ya ce kafin a ƙirƙiri sabuwar ƙaramar hukuma sai kashi biyu cikin uku na mutanen wurin sun amince. Masarauta kuwa, majalisar jiha kan gama da ita cikin 'yan kwanaki.

Ban ce ƙuri'a ba ta da aibi ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki ce ta lashe duka 44, kamar yadda aka saba a gwamnatocin baya. Akwatin da gwamna yake riƙe da makullinsa ba zai raba gardama ba, sai dai ya ƙara ta. Dattawa kuma suna cewa sarauta gado ce, ba a kai ta rumfar zaɓe, kuma ina ganin girman maganarsu.

Amma ni ba cewa na yi a zaɓi sarki ba. Cewa na yi, duk ranar da za a kafa kujera ko a rushe ta, a sa hukumar da ba ta gwamna ba ta tambayi waɗanda za su zauna a ƙarƙashinta. In sun ce ta tsufa, a sauke. In sun ce tana da amfani, kowane gwamna ya zo ya same ta ya bar ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu, in Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.