Kwamfuta a Jikin Katanga: Ina Iyakar Abin da Yaro Zai Koya da Kansa?

A shekarar 1999, Sugata Mitra, masani a kamfanin NIIT da ke New Delhi, ya sa aka huda katangar da ta raba ofishinsu da unguwar talakawa ta Kalkaji, aka girka kwamfuta mai intanet tana kallon unguwar. Ba malami, ba mai bayani. Ba a jima ba yaran da ba su taɓa riƙe kwamfuta ba, Turancin ma ba su ji sosai, suka gano yadda ake buɗe shafuka, wanda ya gane yana nuna wa na kusa da shi.

Masu ra'ayin a sakar wa yaro ragamar karatunsa sukan kafa hujja da wannan labari. Amma wanda ya bi binciken har ƙarshe zai ga cewa sha'awar yaro tana tayar da karatu, sai dai nisan da za ta kai shi ya dogara da babban da ke tsaye a bayansa.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga wurin Mitra kansa. A Kalikuppam, wani ƙauyen masu jin yaren Tamil a kudancin Indiya, ya zuba darussan ƙwayoyin halitta cikin Turanci a kwamfuta, ya tafi abinsa. Da aka gwada yaran, makinsu ya kai kimanin kashi 30 cikin ɗari. Sai ya nemi wata matashiya wadda ba ta san komai a fannin ba, ya ce ta riƙa tsayawa a bayansu kamar kaka, tana yabawa, tana tambayar yadda suka gano abu. Maki ya haura zuwa kimanin kashi 50. Daga nan aka samo tsarin Granny Cloud a 2009, inda 'yan sa-kai, da yawansu malaman da suka yi ritaya a Ingila, suka riƙa hira da yara ta Skype.

Inda babu mai kula kuwa, labarin ya sha bamban. Wata mai bincike, Payal Arora, ta ruwaito a 2010 cewa irin waɗannan kwamfutoci a yankin Himalaya sun daina aiki. Wani mai binciken kuma, Mark Warschauer, da ya ziyarci na Delhi, ya tarar yawancin lokacin yara na tafiya ne a wasanni da zane-zane. A 2006 kuma masana Kirschner da Sweller da Clark suka kawo hujjar cewa ɗan koyo, wanda bai da tushe a fanni, ya fi kowa buƙatar jagora, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda.

Saboda haka uban da ya miƙa wa ɗansa waya ya juya baya bai ba shi 'yancin koyo ba tukuna. Aikin iyaye da masu ja-gora shi ne su tanadi littafi da lokaci, su saurari abin da yaro ya gano, su jefa masa tambayar da za ta tura shi gaba, su kuma lura da yarinyar da maza suka ture daga gaban na'ura. Wannan ba ya buƙatar digiri.

Mitra ma haka ya gyara tsarinsa. Bayan ya sami kyautar TED ta dala miliyan ɗaya a 2013, ɗakunan karatun da ya buɗe a Indiya da Ingila sun riƙa fara zama ne da babbar tambaya daga bakin babba. Yara su kasu rukuni-rukuni su yi bincike, sannan su dawo su bayyana masa abin da suka samu.