Kiwon zomo a Nguru da Gashua

Zomon gida asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, kuma ba ya barbara da zomon dajin Najeriya. Ana kiwonsa a keji domin nama. A Najeriya, cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, tana bincike a kansa.

Zomanya kan isa barbara tana da wata 5 zuwa 6. Ita ake kaiwa kejin namiji, domin idan aka kawo mata shi takan far masa da faɗa. Barbarar ce ke sa ta saki ƙwai. Cikinta kan yi kwana 28 zuwa 33, kuma dab da haihuwa takan tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa. 'Ya'yan kan zo ba gashi, idanu a rufe har wajen kwana 10. Ana yaye su a mako 4 zuwa 6.

Babbar matsala a arewacin Yobe, inda Nguru da Gashua suke, ita ce zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Zafi yana raunana maniyyin namiji, yana kuma kashe masu ciki. Don haka ya fi kyau a haɗa zomayen barbara da hunturu, a ajiye kejin a inuwa, kada ruwan sha da harawa su yanke.