Dala, Ganuwa da Gidan Makama: Tarihin Wuraren Ziyara a Birnin Kano

Birnin Kano na daga cikin tsofaffin biranen Afirka ta Yamma da ba a taɓa raba su da mazauna ba tun kafuwarsu, kuma wuraren tarihinsa, waɗanda baƙi ke zuwa gani daga ƙasashe masu nisa, ba su da wuyar kaiwa ga mutumin Achika da sauran garuruwan ƙasar Wudil, domin da zarar ya haye gadar Wudil ya miƙi hanyar birni, tafiyar ba ta da yawa. Duk da wannan kusanci, da yawa daga masu shiga birnin don ciniki ko asibiti ko ziyarar dangi sukan wuce ta ƙofofinsa ba tare da sanin abin da suka ƙunsa ba.

Asalin birnin yana gindin Dutsen Dala, inda masu binciken kayan tarihi suka gano alamun narkar da tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma Baturen mulki Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci Barbushe a matsayin shugaban mutanen Dala mai kula da tsafin Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Wanda ya hau matakalar dutsen a yau zai hangi Goron Dutse ta yamma da hasumiyoyin Babban Masallaci, ya kuma fahimci dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wurin, tunda ya haɗa musu tsaro da tama da ƙasar noma.

Ganuwa, wato katangar ƙasa da ta kewaye birnin, wadda Kanawa ke kira badala, an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, sannan aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da kuma Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. An bar gonaki da yawa a cikinta da gangan, domin idan abokan gaba suka yi wa birnin ƙawanya mutanen karkara su sami mafaka, abinci kuma kada ya yanke. Kowace ƙofa, irin su Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kabuga, tana da sarkin ƙofa, wanda a da aikinsa shi ne rufe ƙyaure da dare da lura da masu shige da fice. Da yake ginin ƙasa ne, damina kan zaizaye shi kowace shekara, saboda haka a zamanin da, da rani sarki kan tara jama'a daga birni da karkara a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, kuma da wannan gyara na kai a kai ne ganuwar ta kai har watan Fabrairu na 1903, lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin da manyan bindigogi, Sarkin Kano na lokacin, Alu, kuwa yana Sakkwato.

Mafi yawan abin da baƙo ke gani a tsakiyar birnin gadon Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune a ciki har yau, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar fataken Sahara, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa littafi a kan haƙƙoƙin da ke wuyan sarakuna. Gidan Makama, da ke kusa da fada, ana danganta shi da Rumfa tun kafin ya hau gadon sarauta, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne da ke ɗauke da tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni da kayan yaƙi da hotunan zamanin Turawa. Ginin kansa darasi ne a kan fasahar maginan Hausa, domin an tayar da bangonsa da tubali, an yi rufinsa da azara, wato tsagin itacen giginya da gara ba ta ci, an kuma ɗaure soron da bakan gizo, wanda ke ba ɗaki faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan gida yana da alaƙa ta musamman da mutanen Achika, saboda bayan jihadi sarautar Makama ta koma gidan Joɓawa, kuma Makaman Kano ne ya daɗe yana riƙe da gundumar Wudil.

A Ƙofar Mata akwai marina wadda ake cewa an kafa ta a 1498, kuma har yanzu ana aiki a cikinta. Marini kan haɗa baba da toka da ruwa a cikin rijiyar rini, ya bar haɗin kwanaki har ya nuna, sannan ya riƙa tsoma ƙyalle yana ɗagawa domin iska ta buge shi, tunda haɗuwa da iska ce ke mayar da launin shuɗi, daga nan kuma a kai wa masu bugu su daka shi a kan kututture har ya yi ƙyalli. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa da rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Zuwan Turawa ya ƙara wani wurin ziyara, wato Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko a 1909.

Idan aka kwatanta da wasu wuraren tarihi, a Atina, babban birnin ƙasar Girka, tsaunin Akuropolis da gine-ginensa na ƙarni na 5 kafin Miladiyya sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1987, kuma da yake na dutse ne, sun jure dogon zamani. Ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suna jerin jiran tantancewa na hukumar tun 2007, yayin da hawan salla na Kano ya shiga jerin al'adun duniya a 2024. Sai dai a tsakanin waɗannan shekaru an baje sassa da dama na ganuwar, an gina gidaje da shaguna a kansu, an kuma kwashi ƙasarta don yin gini. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, saboda haka wajibi ne gwamnati da masarauta su hana rushe abin da ya rage, su dawo da gyaransa duk shekara, makarantun ƙasar Wudil kuma su riƙa kai ɗalibansu Dala da Gidan Makama domin su san gadon da kakanninsu suka bari.