Ɗaukar hoto a ƙasar Rano: Kayan aiki, dabaru da adana tarihi

A da, ɗaukar hoto a garuruwa irin su Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano sana'a ce ta mutane ƙalilan, waɗanda ake zuwa shagonsu ranar salla, ko a gayyace su wajen biki ko saukar karatu.

A kan jira kwanaki kafin a wanke fim a kawo hoton, mai shago kuma ya ajiye dodon hoton saboda wata rana.

A yau wayar salula ta sanya kyamara a aljihun malamin makaranta da ɗan kasuwa da ɗalibi. Wasu daga cikinsu sun mayar da ɗaukar hoto abin sha'awa, suna musayar hotuna tare da muhawara kan wace na'ura ce ta fi wata.

Sai dai a yanki mai zafin rana da ƙura kamar wannan, sanin haske ya fi tsadar na'ura tasiri. Hoton da aka adana da sunan wuri da kwanan wata kuma shi ne zai amfani na baya.

Asalin kyamara

Tun a farkon ƙarni na 11, masanin nan haifaffen Basra, Alhasan Ibn al-Haisam, ya yi bayani a littafinsa Kitab al-Manazir kan yadda haske ke tafiya a miƙe. Ana kuma jingina masa bayanin yadda hasken da ya ratsa ƙaramin rami zuwa ɗaki mai duhu ke fitar da surar abin da ke waje a kife a jikin bango.

A kan wannan ƙa'ida kowace kyamara ke aiki. Abin da ya rage shi ne hanyar kama surar, wadda aka bayyana wa duniya a Faransa a shekarar 1839 ta hannun Louis Daguerre.

A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda ta bai wa waɗanda ba ƙwararru ba damar ɗaukar hoto. Wani injiniyan kamfanin, Steven Sasson, shi ya ƙera kyamarar dijital a 1975.

A Najeriya kuwa, an fara amfani da wayar salula ta GSM a 2001, kuma wayoyi masu kyamara sun biyo baya.

Abin da yankin ke da shi

Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira Sarakunan Baba saboda shaharar su a rini. Ƙasar tana da manyan duwatsu, musamman a wajen Rurum, kusa da madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974.

Ruwan madatsar ne ke shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga nan zuwa gonakin damina na Kibiya, mai kyamara ba zai rasa abin ɗauka ba.

Haka kuma tarihin sarautar yankin ya sauya sau uku cikin shekaru biyar. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke ta, sannan a watan Yuli ta maido da ita a matsayi na biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya.

Hotunan naɗe-naɗe da hawan salla da aka ɗauka a wannan tsakani sun riga sun zama shaidar tarihi.

Kyamara ko waya?

Yawan megafiksel da ake tallatawa a jikin kwali ba shi kaɗai ke nuna kyan hoto ba. Girman farantin da ke karɓar haske a cikin na'urar da ingancin gilashinta sun fi muhimmanci.

Shi ya sa tsohuwar kyamarar Canon ko Nikon ta hannu, mai gilashin da ake cirewa, kan fi waya fitar da hoto da magariba, ko wajen janyo abu mai nisa.

Waya kuma ta fi sauƙin ɗauka, ba ta firgita mutane, kuma a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ana samun masu gyaranta. Kamfanin Transsion na China, mai yin Tecno da Infinix da Itel, ya yi suna wajen saita kyamarorinsa domin su fitar da baƙar fata yadda ya kamata.

Abubuwa uku

Kowane hoto ya dogara ne a kan abubuwa uku: faɗin ƙofar da haske ke shiga, da tsawon lokacin da take buɗe, da kuma ƙarfin jin haske na farantin, wanda ake kira ISO.

Idan aka buɗe ƙofar sosai, fuskar mutum za ta fito tangaran, abin da ke bayansa kuma ya dushe. Idan aka tsuke ta, na kusa da na nesa duk za su fito, abin da ya dace da hoton dutse ko gona.

Dokin da ke sukuwa na buƙatar ƙofar ta buɗe ta rufe cikin kusan kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafunsa su fito a cakuɗe.

Ƙara ISO na taimakawa a cikin soro ko zaure mai duhu, amma idan ya yi yawa hoton kan fito da tsaki-tsaki.

Rana da hazo

Tsakar rana ita ce lokaci mafi wahala. Rana na tsaye a ka, rawani ko hula na jefa inuwa a kan ido, farar babbar riga kuma na ruɗar kyamara ta rage haske har fuska ta yi duhu.

Maganin hakan shi ne a auna haske a kan fuska, wato a taɓa fuskar a allon waya kafin a ɗauka, ko a matsa da mutum inuwar bishiya. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi dacewa, domin hasken da ke zuwa ta gefe na fito da zanen ginin ƙasa da aikin ɗinkin riga.

Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, na tausasa haske, amma yana dusashe abin da ke nesa. Ƙurarsa kuma na shiga cikin kyamara idan aka canza gilashi a fili, ta bar ɗigo a kowane hoto.

Goge gilashi da gefen riga na karce shi. A fara hure ƙurar, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi.

Addini da doka

Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoton kyamara. Tsohon Muftin Masar, Sheikh Muhammad Bakhit al-Muti'i, da Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi sun halatta shi, yayin da Sheikh Nasiruddin Albani ya hana sai bisa larura.

Ko a wajen waɗanda suka halatta, keta sirrin mutane haramun ne. Don haka ba a ɗaukar matan aure ko cikin gida ba tare da izini ba, yara kuma sai da yardar iyaye ko malaminsu.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hoto na tsawon shekaru 50. Tayar da ƙaramin jirgi mara matuƙi domin ɗaukar hoto kuwa na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa.

Adanawa

Hoton da ke cikin waya kaɗai na tafiya da ita ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta. WhatsApp da Facebook kan matse hoto su rage ingancinsa, su kuma cire bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, sai dai idan a WhatsApp an tura shi a matsayin fayil.

Hanya mafi aminci ita ce a ajiye kwafi a wurare biyu, a wanke mafi muhimmanci a takarda, a rubuta suna da gari da shekara a baya.

Misalai sun nuna amfanin hakan. J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya fara da ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, ya tara hotunan kitson matan Najeriya kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. Fati Abubakar, wadda ta karanci aikin jinya, ta fara nuna rayuwar yau da kullum ta Maiduguri a 2015. A 2023 kuma Sani Maikatanga na Kano ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa da hoton ambaliya a Auyo ta jihar Jigawa.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Marina da ganuwa da kasuwannin ƙauye na ƙasar Rano kuwa, adana surarsu ya rataya ne a wuyan mutanen da ke zaune kusa da su.