Zanen Mafarki na Sureyalizim da Tarihin Buga Kwafinsa

Sureyalizim harka ce ta marubuta da masu zane wadda André Breton ya shelanta a Paris a 1924, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zubar da mutuncin wayewar da Turai ke taƙama da ita. Mabiyanta sun rungumi ra'ayin Sigmund Freud cewa mafarki na tona abin da zuciya ta binne, sai suka riƙa zana abubuwan da kowa ya sani a inda bai kamata a same su ba. A zanen Salvador Dalí na 1931 agogunan aljihu sun yi laushi, ɗaya na reto a reshen busasshiyar bishiya, tururuwa sun yanyame wani. A na René Magritte na 1937 mutum ne tsaye gaban madubi, amma ƙeyarsa yake gani. Abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne an zana komai tsaf kamar hoton kyamara, alhali ba zai taɓa yiwuwa ba.

Ana yawan cewa buga irin waɗannan zane-zane a takarda ya kashe musu kwarjini, ana kafa hujja da Walter Benjamin, wanda a tsakiyar shekarun 1930 ya rubuta cewa inji na raba aikin fasaha da martabarsa ta zama guda tilo. Tarihin harkar bai goyi bayan wannan ƙorafi ba. A farkon shekarun 1920 kwafin wani zanen Giorgio de Chirico na 1914 Magritte ya gani, bai ga na ainihi ba, kuma shi ne ya sauya masa alƙibla. Max Ernst kuwa da almakashi ya yanko hotuna daga tsofaffin littattafan ƙarni na 19, ya liƙa su wuri guda, aka buga su littafi a 1929 da 1934. Tun farko don ɗab'i aka yi aikin. Shi kansa Magritte ya ci abinci da zanen tallace-tallace a Brussels, kuma fentinsa shafaffe ne, ba ya nuna sawun buroshi. Tunda firgicin yana cikin haɗa abubuwan da ba sa haɗuwa ne, takarda na ɗauke da shi kusan cif.

Duk da haka masu suka suna da abin kamawa. Zanen agogunan Dalí, da ke gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York tun 1934, santimita 24 ne a 33 kacal, amma fastocinsa sukan ninka shi girma, kuma yawan gani ya sa ido ya saba. Ɓarnar da ta fi wannan muni ta kasuwa ce, kuma da hannun Dalí a ciki: ya sa hannu a kan dubban fararen takardu kafin a buga komai a kansu, abin da ya buɗe wa 'yan jabu ƙofa. Har bayan rasuwarsa a 1989, masu saye kan nemi ƙwararre ya tantance kwafin da ke ɗauke da sa hannunsa kafin su biya.